Ncurses 5.9 ta ƙi ginuwa a Ubuntu 24.04, kuskuren mouse_trafo ya tsayar da ni

Mubarak:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu Linux ku kawo min dauki, aikin kammala karatuna ya tsaya cak. Ubuntu 24.04 nake amfani da ita, akwai wani tsohon arm-none-eabi-gdb da muke bin diddigin kod a kan bod din STM32 da shi, duk sanda na kunna sai ya ce

error while loading shared libraries: libncurses.so.5: cannot open shared object file

na buga apt install libncurses5 ya ce babu wannan kunshin kwata kwata. Shine nace to tunda 5 yake nema bari in sauke ncurses 5.9, laburaren da ke zana rubutu a tamina, in gina da kaina. configure ya wuce lafiya lau, make ya fara gudu har na fara murna sai kawai ya fadi a nan

_20187.c:835:15: error: expected ')' before 'int'
../include/curses.h:1594:56: note: in definition of macro 'mouse_trafo'

abin da ya fi daure min kai shine na duba foldar kaf babu wani fayil mai suna _20187.c, kuma idan na sake make lambar sai ta canza. Ban taba ko layi daya a cikin kod din ba wallahi.

Sadiq:
Wslm. Kai kanina wahalar me kake sha haka, kana da libncurses.so.6 a kan injin ai, yi mata ln -s ka sa mata suna libncurses.so.5 shikenan ka wuce wajen. Minti daya ne.

Hadiza:
A'a Oga Sadiq, kar ka ɗora shi a kan wannan hanyar. Ba don ado aka mayar da lambar daga 5 zuwa 6 ba, yadda laburaren take tsara bayanan linzami da na launuka ne ya canza, shi ya sa aka raba su. Manhajar da aka gina da 5 tana tsammanin abu a wani waje, 6 kuma ta ajiye shi a wani wajen. Wani lokacin ta tashi kamar ba komai, sai ka shiga tsakiyar aiki ta mutu maka ba gargaɗi, kuma gdb ne fa, abin da kake neman kuskure da shi.

Sadiq:
Injiniya ni dai nayi kuma yayi min aiki, amma na ji.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Mubarak. Wannan kuskuren tsoho ne, tun 2015 yake cin mutane. Kafin in ba ka maganin ina so ka ga cutar da idonka, don idan ka gan ta sau ɗaya za ka gane ta a ko'ina. Buɗe sabon fayil ka sa masa suna t.c, ka rubuta layi biyun nan kawai

#include <stdbool.h>
bool gwaji(int *a, bool b);

sai ka buga gcc -E t.c | tail ka turo mana abin da ya fito. Sannan ka buga gcc --version mu gani.

Mubarak:
To Malam. gcc 13 ne. Ga abinda ya fito

# 2 "t.c" 3 4
_Bool
# 2 "t.c"
    gwaji(int *a,
# 2 "t.c" 3 4
                 _Bool
# 2 "t.c"
                      b);

ikon Allah, layi daya na rubuta ya yanka min shi gida hudu

Malam Nura:
Yauwa, ka ga matsalarka ke nan. Bari in warware maka a hankali.

Kafin kwamfaila ta taɓa kod ɗinka akwai wanda yake fara shiga ya share fage, shi ne cpp. Shi yake zuba abin da ke cikin #include, ya musanya duk makro da abin da yake wakilta, ya yanke abin da #if ya ce a yanke. -E da ka sa cewa kake yi a tsaya bayan share fagen a nuna maka. Waɗannan layukan masu farawa da # da lamba alamomi ne da cpp yake bar wa kwamfaila don ta san kowane abu daga wane fayil da wane layi ya fito. Lamba 3 ɗin da ka gani a ƙarshe tana nufin abin daga hedar sistem ya zo.

Har zuwa GCC 4.9, da layinka zai fito a dunƙule, _Bool gwaji(int *a, _Bool b); a layi guda. Daga GCC 5, wadda ta fito a Afrilun 2015, sai aka ce duk makron da ya fito daga hedar sistem a sa masa alama ko da a tsakiyar layi ne. bool kuwa a C na wancan tsarin makro ne a cikin stdbool.h, shi ya sa duk inda ya bayyana sai an datse layin.

Ita kwamfaila wannan bai dame ta ba, sabon layi da sarari duk ɗaya ne a wajenta. Wanda abin ya dama shi ne wani sikirif a cikin ncurses mai suna MKlib_gen.sh. Aikinsa ya ɗauki curses.h, ya wuce da wasu sassa ta cikin cpp, sannan ya bi sakamakon layi layi da sed da awk ya ƙirƙiro lib_gen.c. Shi a saninsa kowane fankishin a layi ɗaya yake. Da ya zo kan mouse_trafo, wanda yake mayar da bool, sai ya tarar da shi a yayyanke, bai iya kare sunan daga makro mai irin sunan ba, sai makron ya fashe a daidai inda ake bayyana fankishin ɗin. Shi ne kwamfaila ta ci karo da int a inda ba ta zata ba. ncurses 5.9 a 2011 ta fito, shekara huɗu kafin wannan canjin, ba yadda za a yi ta san da shi.

Fayil ɗin da kake nema ka rasa kuwa na wucin gadi ne, sikirif ɗin yake ƙirƙirarsa da lambar aikin da ke gudana a lokacin, ya gama ya goge. Sunan ya maƙale ne a cikin lib_gen.c ta hanyar waɗancan alamomin. Buɗe ncurses/lib_gen.c ka nemi mouse_trafo za ka ga ɓarnar.

Sake gwada t.c ɗin da gcc -E -P.

Mubarak:
Allahu akbar, da -P ya dawo layi daya

_Bool gwaji(int *a, _Bool b);

Allah ya kara ilimi Malam. Kenan -P din zan baiwa ncurses? ta ina zan shigar da shi

Malam Nura:
Ta CPPFLAGS, a lokacin configure.

Aminu:
ni a ganina duk wannan dogon zance ne, ka saka tsohuwar gcc kawai ka gina da ita, apt install gcc-9 sai CC=gcc-9

Hadiza:
Aminu ba zai yi ba. Malam ya ce daga 5 aka canza, 9 kuwa tana gaba da 5, halinsu ɗaya da 13 a wannan wajen. Sai dai ya nemo 4.9 ko ƙasa da ita, ita kuma babu ita a ma'ajiyar 24.04, sai ya gina ta da kansa, ga cin data ga cin lokaci, kuma gina tsohuwar GCC da sabuwa wata rigimar ce mai zaman kanta da ta fi wannan girma.

Mubarak:
Malam na yi amma har yanzu kuskuren yana nan, iri daya sak. ga abinda na buga

export CXXFLAGS="-P"
sudo ./configure --with-shared
make

Malam Nura:
Abu uku ne a nan. Na farko CPPFLAGS na ce, kai kuma CXXFLAGS ka rubuta. CPP ɗin nan ba C++ ba ne, mai share fagen C ne, CXX shi ne na C++. Mutane da yawa suna faɗawa wannan ramin. Na biyu, sudo yana share mafi yawan abin da ka yi export kafin ya gudanar da umarnin, don haka ko daidai ka rubuta da configure ba zai gan shi ba. Kuma configure da make ba sa buƙatar sudo sam, sai make install kaɗai. Na uku, lalataccen lib_gen.c na farko yana nan zaune, make ya ga akwai shi ba zai sake ƙirƙiro wani ba. Tunda ka riga ka yi configure da sudo wasu fayilolin sun zama na root, mafi sauƙi ka goge foldar gaba ɗaya ka sake warware tar ɗin, sannan

CPPFLAGS="-P" ./configure --prefix=/opt/ncurses5 --with-shared --with-termlib --without-cxx-binding --without-ada

--prefix ɗin nan kar ka bar shi, kar ka kuskura ka zuba tsohuwar ncurses a /usr, bash ɗinka ma da libtinfo yake aiki. --with-termlib shi zai ba ka libtinfo.so.5 daban. Ɓangaren C++ kuma ba ka buƙatarsa, kuma shi ma tsohon kod ne da sababbin kwamfaila suke ƙorafi a kansa.

Baffa:
Salam, ku yi hakuri na shigo muku tsakiyar magana amma inaga tawa ma dangin wannan ce. Ina gina wata manhaja a cikin Docker, karamin hoton Debian, configure sai ya tsaya yace

configure: error: C preprocessor "/lib/cpp" fails sanity check

na duba /lib/cpp din ma babu shi. in kirkiro shi ne da ln ko yaya? ko nima -P din zan saka

Hadiza:
Baffa taka daban ce, -P ba ruwansa da ita, kuma kar ka ƙirƙiri komai. Saƙon nan yana ɓatar da mutane. configure yana gwada hanyoyi ne bi da bi, ya fara da gcc -E, in bai yi ba ya gwada da -traditional-cpp, in duk suka faɗi sai ya ƙare a kan /lib/cpp, shi ya sa sunansa yake fitowa a saƙon alhali ba shi ne mai laifin ba. Gwajin ma ɗan ƙarami ne, fayil ne mai #include <limits.h> ake ba shi a ga ko zai iya. Buɗe config.log, kar ka tafi ƙarshen fayil ɗin don can jerin sunaye ne kawai, nemi inda aka rubuta how to run the C preprocessor ka karanta abin da ke ƙasansa, ainihin kuskuren yana nan.

Baffa:
na gani Anti

fatal error: linux/limits.h: No such file or directory

Hadiza:
To ka gani. limits.h na glibc yana janyo linux/limits.h, shi kuma a cikin kunshin linux-libc-dev yake. Wataƙila wanda ya haɗa hoton ya cire hedojin ne don ya rage nauyi. Saka build-essential, in ya ce akwai shi to ka yi apt install --reinstall linux-libc-dev. In da saƙon C++ preprocessor ya ce, to galibi g++ ne babu. Sannan ka buga echo $CPP ka tabbatar babu komai a ciki, na sha ganin wanda ya sa CPP=g++ yana zaton kwamfailar C++ yake zaɓa, sai configure ya ɗauki g++ a matsayin mai share fage ya faɗi nan take.

Baffa:
ya wuce wlh, reinstall din ne yayi. Nagode sosai Allah ya saka da alheri

Mubarak:
Alhamdulillah Malam nima make ya kare ba kuskure! ga libncurses.so.5.9 da libtinfo.so.5.9 a cikin lib. Bari in saka export CPPFLAGS="-P" a .bashrc dina kawai kar in sake haduwa da irin wannan

Malam Nura:
Madalla. Amma .bashrc ɗin kar ka yi. Kamar yadda akwai sikirif ɗin da alamomin suke karyawa, haka akwai wanda da su yake rayuwa. A gnulib, tarin kod da manhajojin GNU da yawa suke aro, akwai gwajin da yake gano cikakken wurin da heda take a kan inji ta hanyar karanta waɗannan layukan masu # ɗin, in ka kashe su da -P sai ya dawo hannu wofi, kuma ba lallai ya yi maka ihu ba, can gaba ne ginin zai karye a wani waje da ba za ka taɓa danganta shi da .bashrc ba bayan wata shida ka manta ka saka. A ba kowane gini tutarsa a layin configure ɗinsa.

Hadiza:
Malam da izininka, ni fa ban gamsu da cewa 5.9 ce mafita ba tun farko. Bayanin ka a kan cpp daidai ne ɗari bisa ɗari, amma Mubarak ba sigar 5.9 yake buƙata ba, laburare mai ABI 5 yake buƙata, wato tsarin da manhaja take magana da laburaren, kuma abu biyu ne daban. libncurses5 da ke cikin Ubuntu 22.04 ai daga kod ɗin ncurses 6.3 aka gina ta, an dai ce mata ta fito da tsarin 5 ne. Fedora ma haka suke yi da ncurses-compat-libs. Sabuwar ncurses tana da --with-abi-version=5, kuma MKlib_gen.sh ɗinta da kansa yake duba kwamfaila, in ya ga GCC 5 ko sama ya ƙara -P ba sai ka gaya masa ba, Thomas Dickey mai kula da ncurses ya gyara wannan tun kafin 6.0 ta fito a Agustan 2015. To me zai sa mu ɗora yaro a kan kod ɗin 2011 da duk gyare-gyaren tsaro na sama da shekara goma babu su a ciki?

Malam Nura:
Maganarki gaskiya ce Injiniya, kuma in don aikin da zai daɗe ne ni ma abin da zan ce ke nan. Abin da ya sa na bi da shi ta nan shi ne ya riga ya sauke 5.9, ga kuskure a gabansa da bai fahimta ba, in muka ce masa jefar ka ɗauko wata zai wuce ne bai san me ya faru ba, gobe ya haɗu da irinsa a wata manhajar da ba ta da sabuwar siga. Ba ncurses kaɗai canjin nan ya kayar ba ai. Perl ta sha shi a wajen ƙirƙirar Errno.pm, libgpg-error ma haka a wajen jera lambobin kuskure, duk don suna karanta fitar cpp layi layi, kuma duk -P ne ya tashe su. Kuma gdb ɗin a kan kwamfutarsa yake, ba sabar da ke fuskantar intanet ba ce.

Hadiza:
Na yarda da batun koyo. Amma akwai wani abu bayan tsaro. Daga ncurses 6.1 a 2018 an ƙara sabon tsarin ajiye bayanan tamina a terminfo don manyan lambobi su samu shiga, tsohuwar laburare ba ta iya karanta bayanin da aka ajiye a wannan tsarin. In ya yi make install cikakke zai samu nasa terminfo ɗin na 2011 a /opt, wanda bai san sababbin tamina ba. In kuma fayilolin .so kaɗai ya kwafa ya nuna musu na sistem, yana iya cin karo da Error opening terminal ya dawo nan yana tambaya. Da 6.5 mai ABI 5 duk wannan bai taso ba.

Sadiq:
ni tambayata daya, wai laifin waye a nan? don ni a ganina yan GCC ne suka karya abinda yake aiki shekara da shekaru, mutum yana zaune lafiya ka canza masa fitar cpp, ai ko sanarwa ce a yi

Malam Nura:
Sun sanar Oga Sadiq, yana cikin takardar da suke fitarwa ta ƙaura zuwa GCC 5, har da misali da shawarar -P. Kuma ba don son rai suka yi ba. GCC tana danne gargaɗi a kan abin da ya fito daga hedar sistem, tunda ba kai ka rubuta ba. Idan share fage da gini a tare suke ta san asalin kowane abu. Amma idan aka raba su, kamar da -save-temps ko masu rarraba gini a kan injina da yawa irin distcc, fitar cpp ce kaɗai take isa ga kwamfaila, in babu alamar sai ta ɗauka kai ka rubuta ta yi ta zuba maka gargaɗi, mai -Werror kuma, tutar da ke mayar da gargaɗi kuskure, gininsa ya faɗi. Ma'aunin C ya faɗi me makro zai zama bayan an fasa shi, amma bai yi alkawarin a wane layi zai zauna ba ko sarari nawa za a bari. Duk wanda ya ɗora sed a kan fitar cpp ya yi gini ne a filin aro, ranar da mai fili ya tashi buƙatarsa ba ka da ta cewa.

Sadiq:
hmm to amma Malam in abu yayi shekara ashirin a hali daya ai ya zama alkawari ko ba a rubuta ba, ni har yanzu ina ganin da sai su bar tsohon halin su sa sabon a bayan wata tuta, wanda yake so ya kunna

Hadiza:
In suka yi haka ba wanda zai kunna, masu distcc su ci gaba da shan gargaɗin ƙarya. Kowane ɓangare aka bi sai wani ya ji a jikinsa. Ni abin da na fi tsoro ma ba irin wannan mai faɗuwa da ƙara ba ne, wannan ai ya taimake ka. Na Perl ɗin nan da Malam ya ambata ginin yana iya ƙarewa, sai daga baya a ga lambobin kuskuren ba daidai suke ba.

Zainab:
Sannunku da kokari, ina ta bin zancen a boye. Na gwada t.c din Malam a Mac dina da gcc -E kuma layi daya ya bani ko ba -P, kenan tsohuwar gcc ce a kaina?

Malam Nura:
Buga gcc --version ki gani Zainab.

Zainab:
Apple clang ya rubuta, ikon Allah, ni duk zatona gcc nake amfani da ita

Malam Nura:
Haka Mac take, sunan gcc ne amma clang ce a ciki, ita kuma ba ta datse layi a kan makron sistem. Sai dai tana da nata tarkon. Buga wannan

echo | gcc -dM -E - | grep __GNUC

zai jero miki makron da kwamfaila take sakawa da kanta. Za ki ga __GNUC__ 4 da __GNUC_MINOR__ 2, wato clang tana gabatar da kanta a matsayin GCC 4.2 komai sabuntarta. To kod ɗin da ya rubuta #if __GNUC__ >= 5 don ya kunna wani abu, a Mac zai bi ta tsohuwar hanya ko ya ce kwamfailarki ta tsufa alhali jiya kika sabunta. Hanyar da ta fi ita ce a tambayi abin da ake so kai tsaye da __has_include ko __has_builtin ko __has_attribute maimakon a tambayi lamba. Sannan in wani Makefile ya kira cpp tsurarsa a Mac ki yi hattara, wancan a tsohon salo yake aiki na kafin ma'aunin 1989, inda # da ## ba sa yin abin da kika sani. Ki ba shi CPP="cc -E".

Zainab:
wannan ya warware min wani abu da ya dade yana damuna a wata laburare, bari in koma in duba #if dinta. Nagode Malam

Aminu:
wai ni Mubarak me ya hana ka apt install gdb-multiarch ne tun farko, yana cikin ma'ajiya kuma yana jin ARM, ka hada shi da openocd ka huta da tsohon gdb din gaba daya

Hadiza:
Wannan kam shawara ce mai kyau Aminu, in gdb ne kaɗai matsalar ita ce ta fi duka.

Mubarak:
Yaya Aminu na gwada shi yanzu kuma yana aiki da bod din, nagode. Amma akwai wata karamar manhaja ta masu bod din da muke loda firmware da ita, babu kod dinta sai dai a sauke a kunna, ldd ya nuna itama libtinfo.so.5 take nema, kuma malaminmu da ita yake so a yi gwajin ranar kare aiki. Don haka dole dai sai na samu 5 din. Anti Hadiza in zan bi taki hanyar me zan rubuta? 6.5 na gani a shafin GNU

Hadiza:
Sauke ta, ba ta da nauyi, 'yan megabait ne. Sai

./configure --prefix=/opt/ncurses5 --with-shared --with-termlib --with-abi-version=5 --disable-widec --with-versioned-syms --without-cxx-binding --without-ada

Ba CPPFLAGS ba komai. --disable-widec ɗin don a tabbatar ne, domin daga 6.5 aka mayar da mai faɗin haruffa, wato libncursesw mai w a ƙarshe, ta zama ta asali, manhajarka kuma marar w take nema. --with-versioned-syms kuma don kar ta riƙa yi maka ƙorafin no version information available ne in an gina ta a kan Debian ko Ubuntu. In ka yi install ɗin 5.9 a /opt/ncurses5 goge shi tukuna kar su cakuɗe. Kuma lokacin make ka sa ido a kan inda ake ƙirƙirar lib_gen.c, za ka ga sikirif ɗin da kansa yana faɗin ya ƙara -P.

Sadiq:
ko kuma ya sauko da deb din libtinfo5 na 22.04 ya dpkg -i, mutane da yawa haka suke yi

Hadiza:
Yana yi, kuma ya fi ln -s nesa ba kusa ba tunda ABI ɗin na gaskiya ne. Illarsa kawai apt ba zai riƙa sabunta shi ba tunda ba daga ma'ajiyar 24.04 ya zo ba, kuma a cikin foldar sistem yake zama. Na /opt in ka gama da shi rm ɗaya ne.

Mubarak:
Ya ginu Anti, kuma na ga layin da kika ce, adding -P option to work around gcc. Abin mamaki fayil din da ya fito sunansa libtinfo.so.5.9 duk da 6.5 na gina. Yanzu ya zan nuna wa manhajar inda yake, in saka /opt/ncurses5/lib a ld.so.conf?

Hadiza:
Sunan haka yake fitowa in an zaɓi ABI 5, na 22.04 ma 5.9 ne a jikinsa. ld.so.conf kuma bar shi, ba sai duk injin ya san da ita ba. Rubuta ɗan sikirif mai layi biyu da zai kunna manhajar

#!/bin/sh
LD_LIBRARY_PATH=/opt/ncurses5/lib exec /inda/manhajar/take "$@"

ka yi masa chmod +x, ka riƙa kiran sa a madadinta. In manhajar sai da sudo take ganin USB, sikirif ɗin za ka yi wa sudo, tunda a cikinsa ake saka LD_LIBRARY_PATH ba zai share ba. Ko da yake gara ka saka dokar udev, wadda za ta ba ka izinin taɓa USB ɗin, ka rabu da sudo ɗin.

Malam Nura:
Ƙari ɗaya ga masu Fedora da Arch da ke karantawa, ku kwamfailarku ta wuce 13. GCC 14 ta mayar da kiran fankishin da ba a bayyana ba ya zama kuskure maimakon gargaɗi, kuma tsofaffin gwaje-gwajen configure cike suke da irin wannan, sai gwajin ya faɗi a ɓoye, config.h ya fito da #define da ba daidai ba, cpp ya bi ta reshen da bai kamata ba. GCC 15 kuma ta koma C23 a matsayin asali, inda bool ya daina zama makro ya zama kalmar harshen, don haka t.c ɗina ba zai yanke a wajenku ba sai kun sa -std=gnu17, amma duk tsohon kod da ya yi typedef na bool ɗinsa zai faɗi. In kun ga na bool ɗin ku fara da CFLAGS="-std=gnu17" sannan ku kwatanta config.h da abin da kuke tsammani.

Mubarak:
Manhajar ta tashi, ta ga bod din, na loda firmware fitilar tana kiftawa. Allah ya saka muku da alheri baki daya, Malam Nura da Anti Hadiza Allah ya kara daukaka. Dokar udev din ce ban san yadda ake rubutawa ba

Hadiza:
Amin. Soka bod ɗin ka buga lsusb ka turo layin da ya nuna shi, lambobi biyun da ke bayan ID nake so, amma buɗe sabon zare don wannan ya yi tsawo.